Faɗuwa a darasi ɗaya ba ta share shekarar ɗalibin kimiyyar siyasa

Tun da sakamakon zangon farko ya fito, maganar da ke yawo tsakanin iyaye a Garwa da Marwa, a arewacin Kamaru, ita ce wai ɗalibin kimiyyar siyasa da hulɗar ƙasashe idan ya faɗi darasi ɗaya, to shekararsa ta tashi a banza, sai ya koma ya sake komai daga farko. Na ji wani dattijo a unguwarmu yana shirin janye ɗansa daga jami'a saboda wannan zance, alhali ba haka ƙa'idar take ba.

Jami'o'in gwamnatin Kamaru suna bin tsarin LMD ne, wato lisansi, masta da dokta, wanda ƙasashen CEMAC, ƙungiyar tattalin arzikin Afirka ta Tsakiya, suka amince da shi a 2006, kuma ya shafi duk wanda ya shiga da bakaloriya ko da GCE, wato takardun gama sakandare, a Ngaundere ne, ko Marwa, ko jami'ar Garwa da aka kafa a 2022. Lisansi, wato digiri na farko, shekara 3 ce, zango 6, kowane zango kiredi 30, jimilla 180.

Kalmar kiredi ce take rikita mutane. Kowane darasi, ko tsarin mulki ne, ko tarihin tunanin siyasa, ko dokokin ƙasa da ƙasa, yana da adadin kiredin da aka ɗora masa gwargwadon nauyinsa. Idan ɗalibi ya sami 10 cikin 20, bayan an haɗa makin gwajin da ake yi a tsakiyar zango da na babbar jarrabawa, kiredin wannan darasi ya zama nasa ke nan, ba a karɓe masa shi don ya faɗi a wani darasin. Wanda bai kai ba yana da jarrabawar gyara, wadda ɗalibai ke kira ratarafaj, inda zai sake zama a kan abin da ya faɗi kaɗai. Idan ya sake faɗuwa, darasin ya zama bashi a wuyansa, kuma ƙa'idar cikin gida ta kowace tsangaya ce ke tsara yawan bashin da za a iya wucewa da shi zuwa aji na gaba. Don haka uba ya nemi takardar makin ɗansa ya duba adadin kiredin da ya samu, maimakon ya tsaya a kan kalmar “ya faɗi”.

Inda ƙa'idar ba ta da sassauci shi ne ƙarshen tafiya. Ba a ba da lisansi sai kiredi 180 sun cika cif, kuma darasin harshe na biyu, wato Ingilishi ga masu karatu da Faransanci, yana cikin lissafin, duk da cewa yaranmu da yawa suna ɗaukarsa abin wasa har sai ya tsare musu hanya. Wanda ya gama shekara ta uku da bashin darasi guda dole ya sake rajista, ya sake biyan kuɗin jami'a na sefa 50,000, ban da haya da abinci. A ganina wannan ya yi wa ɗan manomin auduga nauyi ƙwarai, domin abin da ya rage masa bai taka kara ya karya ba, amma ana cajinsa kamar mai zaman shekara cikakkiya.

Akwai kuma masu zaton lisansi kaɗai tana mai da mutum jami'in diflomasiyya. Hanyar wannan aiki ta bi ta IRIC ne a Yawunde, cibiyar koyar da hulɗar ƙasashe da aka kafa a 1971, kuma shigarta sai da jarrabawar gasa bayan an riga an mallaki lisansi. Ɗalibin da ya bar bashin kiredi uku ya kwana a wuyansa ba zai iya ko ajiye takardunsa a wannan gasa ba, sai ya jira wata shekarar.