Ma'anar "sakakkun dawaki": dokin gida da ya koma daji

Idan masana dabbobi suka ce sakakken doki, suna nufin dokin da yake rayuwa a daji babu mai shi, alhali kakanninsa dawakin gida ne da suka san linzami da turke. Asali ne yake raba shi da dabbar dawa ta haƙiƙa. Jakin dawa, alal misali, bai taɓa zama dabbar gida ba, shi kuwa sakakken doki ko zuriyarsa ta shekara ɗari biyar a jeji, idan aka bi salsalarsa a barga za a tsaya.

Mafi shahara a cikinsu su ne mustang na yammacin Amurka. Dawakin asali na wannan nahiya sun ƙare kimanin shekara 10,000 da suka wuce, sai a ƙarni na 16 Sifaniyawa suka sake shiga da doki, waɗansu suka tsinke, waɗansu aka sake su, suka yi ta hayayyafa. Sunan ma daga kalmar Sifaniyanci ya fito, mai nufin dabbar da ba ta da mai ita. A Ostiraliya, inda doki ya fara sauka a 1788 kuma inda sakakkun dawaki suka fi yawa a duniya, brumby ake ce musu. A Afirka akwai ƙaramin garke a hamadar Namib, kusa da garin Aus a Namibiya, wanda galibi ake danganta asalinsa da dawakin da suka watse a lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya.

Doki ɗaya ne akasarin masana suke kira na daji tun asali, wato takhi na Mongoliya, wanda Turawa suka sani da dokin Przewalski. Ya ɓace daga daji a ƙarshen shekarun 1960, aka raya shi a gidajen namun daji, sannan aka fara mayar da shi ƙasarsa a 1992.

Zaɓen kalmar yana da nauyi, domin sau da yawa hukunci kan dabbar daga sunan da aka ba ta yake farawa. Majalisar dokokin Amurka ta kafa doka a 1971 wadda ta kira mustang dawakin daji ta kuma haramta kashe su a filayen gwamnati, amma da yake garke kan ninka cikin shekara huɗu zuwa biyar, hukuma ta koma kama dubbai tana killace su da kuɗin jama'a. A Ostiraliya kuwa masana muhalli baƙuwar dabba suke ɗaukar brumby, mai tattake bakin rafuka da dausayi a ƙasar da dabbobinta na asali ba su da kofato. Da wannan hujja gwamnatin jihar New South Wales ta amince a 2023 a riƙa harbin su daga jirgi mai saukar ungulu a gandun dajin Kosciuszko, duk da turjiyar waɗanda suke ganin dawakin a matsayin gadon kakanninsu makiyaya.