Mene ne "ekses" a inshorar gidan haya?

Duk wanda ya sa gidan hayarsa a inshora, in ya duba takardar yarjejeniya zai ga wani layi da ma'aikatan kamfani ke kira ekses. Shi ne kason asarar da mai gida ya amince tun farko zai biya daga aljihunsa duk lokacin da ɓarna ta auku, sai abin da ya haura haka ne kamfani ke biya. Wani kamfanin yakan yanke kuɗi tsayayye, wani ya ce kashi kaza cikin ɗari na asarar, wani kuma ya haɗa biyun ya ɗauki wanda ya fi yawa.

A ce mutum yana da gida a Mabera, ekses ɗinsa naira dubu 100. Iskar farkon damina, wadda duk ɗan Sakkwato ya san aikinta, ta yaye masa fallen kwano huɗu. Kafinta ya haɗa kuɗin kwano da katako da ƙusa da na aiki, ya kama dubu 130. In ya nemi diyya, dubu 30 kawai za ta shigo hannunsa. In gyaran bai wuce dubu 90 ba kuwa, ko sisi. Kafin ma dubu 30 ɗin ta fito sai an cike fom, an ɗauki hotuna, an kai takardar farashi, wataƙila har kamfani ya turo mai tantance asara. Ɗan haya kuma yana can ya kafa bokiti a tsakar ɗaki, yana ta bugo waya: "Alhaji, yaushe kafinta zai zo?"

Abin da masu gidaje ke mantawa shi ne, duk diyyar da aka nema tana shiga fayil. Ranar sabunta yarjejeniya, kamfani na iya duba yawan diyyar da mutum ya nema ya ƙara masa kuɗin shekara ko ya ɗaga ekses ɗin. Masu takaful, wato inshorar Musulunci da hukumar kula da inshora ta Najeriya (NAICOM) ta fitar wa ƙa'idoji a 2013, suna da wani lissafin na daban: a tsarin kamfanoni da dama, rarar da ta saura a asusun da masu inshorar ke zuba kuɗi ana raba ta ne ga waɗanda ba su karɓi diyya ba a wannan shekarar. Ka ga mutum zai iya rasa rabonsa saboda fallen kwano.

Wata ɓarnar ma ba ta cikin yarjejeniya sam. Kwanon da ya yi tsatsa, katakon da gara ta ci, fentin da rana ta kashe, duk tsufan gini ne, gyaransu na mai gida ne. Kayan ɗan haya da ruwa ya jiƙa su ma inshorar gini ba ta ɗaukar su, sai in ya yi tasa.

A ganina, ƙaramar ɓarna a gyara ta a wuce wurin, a bar inshora ga irin gobarar da ta ci babbar kasuwar Sakkwato a Janairun 2021, ko ambaliyar 2010 da ta tashi garuruwa a yankin Goronyo. Amma fa ƙin neman diyya daban, ɓoye wa kamfani labari daban. Yawancin yarjejeniyoyi sun wajabta a sanar da su da wuri. Tsagewar bango bayan ruwa ya kwanta a gindin gini, ko wayar lantarki da ta yi tartsatsi a cikin silin, ana iya ganin su ƙanana yau su zama babbar asara nan da wata biyu, kuma kamfani na iya ƙin biya da hujjar ba a gaya masa a kan lokaci ba. Sai a ɗauki hoto, a adana rasit ɗin gyara, a tura musu saƙo a rubuce cewa ga abin da ya faru amma ba a neman kuɗi a yanzu.