AI a ɗakin labarai: amsoshin tambayoyin da aka ƙi daina yi

Tambayoyin nan ba sa ƙarewa, kuma kusan iri ɗaya ne kullum, daga masu koyon aikin jarida har editocin da suka kwana biyu a kujera. Ga amsoshin wuri guda. Wanda ya sake tambaya, nan za a nuna masa.

Ƙirƙirarriyar basira (AI) za ta raba mu da aikinmu?

Idan aikinka shi ne ɗauko sanarwar manema labarai ka sauya kalma uku ka ɗora sunanka, e, ta riga ta raba ka da shi. Idan kuwa kana buga waya, kana zuwa kotu, kana da majiyar da ta yarda da kai, kwantar da hankalinka. Rage ma'aikata a gidajen jaridu ya girmi ChatGPT, wadda sai a Nuwamban 2022 ta fito. Kuɗin talla ne ya gudu zuwa Google da Facebook tun kafin nan.

Ashe ba sabon abu ba ne?

Ko kaɗan. Tun 2014 kamfanin dillancin labarai na AP ke sa kwamfuta rubuta rahotannin ribar kamfanoni, daga kimanin 300 a kowane wata uku zuwa sama da 3,000. Washington Post ta yi irin haka da manhajarta Heliograf a gasar Olamfik ta 2016.

Sai dai ku daina cakuɗa abu biyu. Waccan tsohuwar hanyar cike gurbi ce: ɗan jarida ya tsara jimloli ya bar gurabe, kwamfuta ta ɗebo alƙaluma daga jadawali ta zuba. Idan ta lalace, kowa zai gani. A 2023 jaridun Gannett a Amurka sun wallafa labaran wasannin makarantu da gurbin sunan ƙungiya a buɗe, aka yi ta yi musu dariya har suka dakatar. Sabuwar kuwa, irin ta ChatGPT, hasashen kalmar da ta fi dacewa ta biyo baya take yi. Idan ita ta lalace, jimlar tana fitowa sumul, ba wanda zai ce ga kuskure.

To me ake yi da ita yanzu?

Mayar da murya rubutu, fassarar farko, ba da shawarar kanun labari, taƙaita labari a layi uku a samansa, karanta labari da murya, tace dubban takardu don bincike, da zaɓa wa mai karatu abin da zai gani a shafin farko. Galibi aikin bayan fage ne.

Me ya sa take ƙarya haka?

Ba ta san ƙarya take yi ba, kuma ba ta iya cewa "ban sani ba" sai an matsa mata. Shafin CNET ya wallafa maƙaloli 77 da ta rubuta, a farkon 2023 aka yi wa 41 gyara. A ɗaya ta ce wanda ya ajiye dala 10,000 a kan ruwan kashi 3 cikin ɗari zai samu ribar dala 10,300 a shekara, alhali 300 ce. A Mayun 2025 Chicago Sun-Times ta buga jerin littattafai 15 na karantawa a lokacin hutu, 10 daga ciki babu su a duniya, amma an jingina su ga marubuta na gaskiya. Duka biyun akwai mutumin da ya kamata ya duba, bai duba ba.

Na ɗauko hira ta awa ɗaya, ga rahoton hukuma mai shafi 80, edita yana jira. Zan iya ba ta ta kwafe hirar ta taƙaita rahoton?

Wannan ce tambayar da ta cancanci a zauna mata. Amsar ita ce e, amma da sharuɗɗa, kuma wani lokacin a'a.

Fara da abin da ke cikin hirar. Idan majiyar ta nemi a sakaya sunanta, ko takardar ta sirri ce aka kwarmata maka, kada ka loda ta a manhajar kyauta. Da zarar ta bar wayarka ta koma kwamfutocin wani kamfani, kuma wasu na iya amfani da ita wajen horar da manhajarsu idan ba ka kashe wannan zaɓin ba. Ko dai ka yi amfani da wadda gidan jaridarku ya ƙulla yarjejeniya a kanta, ko wadda ke aiki a cikin kwamfutarka ba tare da intanet ba, kamar Whisper idan an girka ta, ko ka sa abin sauraro a kunne ka rubuta da hannunka.

Idan babu sirri, sa ta fitar da rubutun tare da lokaci, minti da daƙiƙa, a gefen kowace magana. Ka ɗauki rubutun a matsayin taswirar hirar kawai. Duk maganar da za ka sa cikin alamar zance, koma kan mintinta ka saurara da kunnenka. Wuraren da take tuntuɓe sanannu ne: sunayen mutane da garuruwa, alƙaluma, inda mutum biyu suka yi magana tare, inda mai magana ya tsallaka daga wani harshe zuwa wani, da ƙananan kalmomin korewa. "Ba mu amince ba" na iya dawowa "mun amince", kuma labarinka ya kife ke nan. Kula da wuraren shiru ko hayaniya, don a nan irin waɗannan manhajoji kan cusa jimlar da ba wanda ya faɗa. Ingancin kuma ya danganta da harshe. A harsunan da ke da tarin rubutu da sauti a intanet abin yana da kyau. A waɗanda ba su da shi, gyaran na iya cin lokaci fiye da kwafewar da kanka. Gwada da minti biyar na farko. Idan kusan kowane layi sai ka taɓa shi, rufe ta.

Taƙaita rahoto ya fi haɗari, domin a nan ba ka ga abin da ta bari ba. Kada ka ce mata "taƙaita wannan" ka tsaya. Ce mata ta kawo kowane batu da lambar shafinsa da ainihin jimlar da ta ɗauko shi, kuma idan abu ba ya cikin takardar ta faɗa. Sannan ka kwafi jimlar ka neme ta a cikin takardar. Idan ba ta fito ba, ƙage ce. Doguwar takarda ka raba ta kashi-kashi, shafi 15 ko 20, don an lura takan riƙe farko da ƙarshe ta yi sakaci da tsakiya. Idan takardar hoto ce aka ɗauka, jadawalin alƙaluma kan hargitse, layin bana ya hau na bara, saboda haka alƙaluma da idonka za ka karanta su. Duba miliyan da biliyan. Duba inda rahoton ya ce "ana zargin" ko "ƙila", don tana son goge su ta mayar da zargi hukunci, kuma kai za a kai kotu.

Duk da haka ba zan ce hanyar ta dace da kowane labari ba. Rahoton kasafin kuɗi na yau da kullum, to. Rahoton da ke zargin wani da laifi, karanta shafi 80 ɗin, edita ya jira. AP a ƙa'idojinta na 2023 ta ce a ɗauki duk abin da manhaja ta fitar a matsayin bayanin da ba a tantance ba, daidai da wanda baƙon mutum ya turo maka.

Dole ne a gaya wa masu karatu?

Idan ita ta rubuta ko ta fassara abin da suke karantawa, ko ta yi hoton ko muryar, e. Gyaran waƙafi da aya, a'a. Sports Illustrated ta ji kunya a 2023 da aka gano maƙaloli a shafinta ɗauke da sunaye da hotunan marubutan da babu su.

Ina masu karatun suka tafi?

Yanzu kuka zo kan ciwon. Kun tsaya kuna fargabar na'ura za ta rubuta labari, alhali abin da ya fi ci wa gidajen jaridu tuwo a ƙwarya shi ne ba a zuwa shafinsu. Facebook ya rage nuna labarai tun 2018, a Kanada ma Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook, ya toshe su gaba ɗaya a Agustan 2023. Google ya fara ɗora amsar AI a saman sakamakon bincike a Mayun 2024. Cibiyar bincike ta Pew da ke Amurka ta gano cewa idan amsar ta bayyana, kashi 8 cikin ɗari na ziyarar ne ake latsa wani shafi, idan babu ita kashi 15. Rahoton cibiyar Reuters na 2025 ya ce mutum 4 cikin 10 kan kauce wa labarai da gangan, kuma a Amurka kafofin sada zumunta sun zarce talabijin a matsayin hanyar samun labari.

Shi ya sa ake ta rububin hanyoyin da ba ɗan tsakiya: wasiƙar imel ta kowace safiya, manhajar gidan jarida da sanarwarta, tashar WhatsApp, shirin murya, da gajeren bidiyo mai fuskar wakili, don matasa sun fi bin mutum a kan tambari. Sai kuɗin rajista. New York Times ta haura masu biya miliyan 10, amma da wasanni irin su Wordle da shafin girki a cikin kunshin. Kada ƙaramar jarida ta ɗauka da ta kafa shingen biya za ta ga haka.

Mu toshe kamfanonin AI daga kwasar labaranmu ko mu sayar musu da su?

Manya ma sun rabu. New York Times ta maka OpenAI, kamfanin da ya yi ChatGPT, da Microsoft a kotu a Disamban 2023, yayin da manyan gidajen labarai irin su AP da Axel Springer da Financial Times da News Corp suka ƙulla ciniki da OpenAI. Toshewa 'yan layuka ne a robots.txt, fayil ɗin da shafi ke gaya wa manhajojin kwasar bayanai inda ba a yarda su shiga ba. A nan za ka hana GPTBot na OpenAI da Google-Extended na Google. Amma roƙo ne, ba kwaɗo ba, kuma hana Google-Extended ba ya fitar da kai daga amsar da ke saman bincike. Ƙaramin gida kuwa da wuya a kira shi ciniki.

Akwai manhajar da za ta gane mini hoton bogi?

Akwai, kada ka dogara da ita. Nemi inda hoton ya fara bayyana, ka tambayi wanda ya ɗauka asalin fayil ɗin, ka kira wanda ke wurin. Hoton ƙaryar fashewa kusa da Pentagon, hedkwatar tsaron Amurka, a Mayun 2023 har kasuwar hannun jari ya girgiza na ɗan lokaci, kafin hukumar kashe gobara ta yankin ta ce ba abin da ya faru.

Idan ta yi kuskure, laifin wa?

Sunan wa ke saman labarin?