Aikin tallata haja a Yamai: tambayoyin masu son shiga

Me ƙwararren mai tallata haja yake yi a zahiri?

Yawancin aikinsa yana faruwa ne tun kafin a ji sanarwa a rediyo ko a ga allo a bakin titi. Shi ke bincika wa zai sayi kayan, nawa aljihunsa zai ɗauka, a wace kasuwa za a kai, kuma a wane lokaci. Kamfanin madara ko sabulu da ya ƙulla kaya a ƙaramin ƙunshi na dala ashirin, wani ne ya zauna ya gano cewa mai cefanen yau da gobe ba ya sayen babban gwangwani. Haka kuma lissafin lokaci: azumi, Sallar Layya da komawar ƴan makaranta a watan Oktoba, kowanne da irin cinikinsa.

Ina ake karatunsa?

Bayan bak, akwai sashen tattalin arziki da gudanarwa a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, akwai kuma Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa. Lisansi shekara 3 ce, masta a ƙara 2. Makarantu masu zaman kansu suna ba da BTS, takardar shaidar ƙwarewa a sana'a, cikin shekara 2. Kafin a biya kuɗi dai a tabbatar gwamnati ta amince da takardarsu. Wanda ya fi karkata ga sadarwa sai ya duba ESSCOM, makarantar koyon aikin jarida da sadarwa da a da ake kira IFTIC.

Faransanci ya wadatar?

Ko kusa. Da Faransanci za ka rubuta rahoto ka yi taro da shugabanni, amma mai saye a kasuwar Katako ko Wadata da Zabarmanci da Hausa yake ciniki. Dubi kuɗi kawai. An rubuta 500 F a takarda, mai fassara ya shiga rediyo ya ce "ɗari biyar". Mai sauraro da ya saba ƙirga dala zai ji 2.500 F ne, domin 500 F a wurinsa dala ɗari ce. An ninka masa farashi sau biyar, an kuma biya rediyo don a kore shi. A ganina wannan ne babban abin da ke raba wanda ya iya aikin da mai takarda kawai: sanin yadda jama'a ke magana da lissafi. Kuma tun da mutane da yawa ba sa karanta boko, saƙon murya a WhatsApp da rediyon karkara kan kai inda rubutu ba ya kaiwa.

Su wa ke ɗaukar ma'aikata?

Kamfanonin waya su ne a gaba: Airtel, Moov Africa, Niger Telecoms da Zamani, wanda ya gaji Orange. Sai bankuna, kamfanonin aika kuɗi irin su Nita da Amana, masu shigo da kayan masarufi, da ƙungiyoyin agaji masu wayar da kai. Yin rajista a ANPE, hukumar samar da aikin yi ta ƙasa, yana da amfani. Amma a sani, aikin farko sau da yawa na fili ne: yawo kanti-kanti a rana, wani lokaci ladan ya danganta da abin da ka sayar.

Na iya Facebook da TikTok, bai isa ba?

Ya taimaka, amma mai kamfani ba yawan masu kallo yake ci ba. Zai tambaye ka nawa aka kashe, mutum nawa suka kira, nawa suka saya. Ka koyi manhajar lissafi ta Excel sosai.

Ko'ina ana neman mai ƙwarewa, ni kuwa yanzu na gama. Ta ina zan fara?

Daga na kusa. Mai kilishi a unguwarku, ko ƙungiyar mata masu saƙa da ke kai kaya baje kolin sana'o'in hannu na mata na SAFEM, ko dillalin albasar Galmi in kana Tawa. Ka ce masa, "Alhaji, bari in riƙe maka tallar wata uku." Rubuta cinikinsa kafin ka fara, ka gyara hoto da ƙunshi, ka tara lambobin abokan ciniki, sannan ka sake rubuta cinikin a ƙarshe. Waɗannan alƙaluman ka haɗa da takardar neman aiki ko ta neman sitaj.