Masu ƙara ƙwan lantarki a banɗaki, don Allah ku daina naɗe waya da leda

Ni ma'aikaciyar jinya ce a nan Kaduna, kuma abin nan ya ishe ni. Tun da sanyi ya shigo ake kawo mana yara da mata wuta ta ja su a banɗaki. In ka bi ba'asi, labarin ɗaya ne: hasken ciki bai isa ba, sai maigida ko wani saurayin gidan ya ja waya daga tsohon ƙwai ya ƙara wani, ya murɗa wayoyin da hannu, ya naɗe da baƙar leda. Leda fa! Wani ma salatif ɗin liƙe littafi yake sa wa.

Kwanaki aka kawo wata yarinya 'yar shekara 12. Da asuba take wanka za ta tafi Islamiyya, ta miƙa hannu za ta ɗauko zani a ƙusa, ashe mahaɗin wayar yana daf da ƙusar, tururin ruwan zafi ya riga ya sa ledar ta saki. Ƙafarta ba takalmi, simintin a jiƙe. Ƙunar tafin hannunta ba ta wuce ƙwayar wake ba, amma sai da muka kwana muna sa ido a kan bugun zuciyarta. Mahaifinta yana tsaye yana ce mini, “Malama, ai shekara biyu ke nan da na haɗa, ba ta taɓa yin komai ba.” Na ce, “Baban yarinya, yau ai ta yi.” Tausayi ya ba ni, don ya fi kowa kaɗuwa.

Wutar gidajenmu volt 230 ce. A falo, da busasshen hannu, ta kan fizge ka ta sake. A jiƙaƙƙen jiki kuwa hannu damƙewa yake yi a kan wayar, mutum ya kasa saki. To a irin wannan wuri ne za ka dogara da ledar da aka zubo maka tumatir?

Ban ce kada a ƙara haske ba. Ina ganin tsofaffin da suka zame a banɗaki mai duhu suka karya ƙugu, ƙarin ƙwan alheri ne. Amma a kira mai gyaran wuta wanda ya san aikinsa, kuma ka tsaya a kansa. Mahaɗin ya zama cikin ɗan akwati mai murfi, an ɗaure kowace waya da sukuru, can sama inda ruwa da hannun yaro ba sa kaiwa. Waya ta fitila wadda ake kira 1.5, a cikin bututu, ba ta reto a bango. Ƙwan ya kasance mai rufi wanda tururi ba ya shiga. Makunni a waje, bakin ƙofa, kuma a kan wayar da ke ɗauke da wutar, wato ja ko mai ruwan ƙasa. In aka juya, ko ka kashe makunni mazaunin ƙwan yana nan da wuta. Duk kayan nan akwai su a Kasuwar Gumi. Mai hali ya sa na'urar nan ta RCD mai miliamf 30, wadda ke katse wuta da zarar ta bi jikin mutum.

Sannan masu cewa “ai NEPA ta ɗauke, bari in yi sauri in haɗa”, wa ya gaya muku lokacin da za a dawo da ita? A kashe babban makunnin gida, a kashe janareta da inbata, a gwada da tesita, abin nan da ke nuna ko akwai wuta a waya.

In abin ya faru, Allah Ya kiyaye: kada ka kama wanda wutar ta ja da hannu. Kashe wuta, ko ka ture wayar da busasshiyar sanda. Kada a ɗura masa madara, kada a shafa manja ko man goge baki a ƙunar, ruwa mai sanyi kawai na minti 20. A kawo shi asibiti ko da ya tashi yana dariya.

Uwargida, ke kika fi shiga da yara. Yau ɗin nan ɗaga kai ki duba bangon banɗakinki. In kin ga dunƙulen leda a jikin waya, kada ki taɓa. Ki gaya wa maigida a kashe layin, ku yi ta wanka da tocila har mai gyara ya zo.