Waiwaye: Kifin da ya tayar da ƙura kan ƙwayoyin nano

Duk mai bibiyar batun ƙwayoyin nano da illarsu ga muhalli ya san ba a cika yin nisa a maganar ba sai sunan Oberdörster ya fito, kuma ba mutum ɗaya ba ne, gida guda ne. Ƙwayoyin nano dai su ne 'yan mitsi-mitsin abubuwan da girmansu bai wuce nanomita 1 zuwa 100 ba, kaurin gashin kai ɗaya ma ya kai wajen nanomita 80,000, to ka ga irin ƙanƙantar da ake magana.

Uban, Günter Oberdörster na Jami'ar Rochester a Amurka, tun farkon shekarun 1990 yake sa ɓeraye su shaƙi ƙurar titaniyam dayoksaid, farin sinadarin nan da ake zubawa a fenti. Nauyi ɗaya ya ba su, amma wasu masu girman nanomita 250 wasu kuma wajen 20, sai ga shi ƙananan sun fi kumbura huhu nesa ba kusa ba. Dalili kuwa idan ka niƙa abu ya yi laushi sosai fuskar da yake taɓa jiki da ita ƙaruwa take yi, ashe ba nauyi kaɗai ya kamata a riƙa aunawa ba. Lokacin mutane kaɗan ne suka damu, hankali duk yana kan abin da za a ƙera da fasahar, balle da gwamnatin Clinton ta buɗe mata babban shiri a 2000.

Sai 2004, 'yarsa Eva ta zuba ƙwayoyin kabon ɗin nan masu siffar ƙwallon ƙafa, waɗanda aka gano a Jami'ar Rice a 1985, cikin ruwan da ta sa wasu 'yan kifaye, ɗan kaɗan ne fa, rabin kashi cikin miliyan. Bayan awa 48 ta ga alamar lalacewar kitsen ƙwaƙwalwarsu. Jaridu suka ɗauka, ko'ina maganar kifi. A 2005 uba da 'ya da ɗan'uwanta Jan suka haɗu suka rubuta doguwar muƙala wadda har yau da wuya ka buɗe wani aiki a fannin ba ka ga an ambace ta ba.

Amma ga inda ni labarin ya fi taɓa ni. Waɗannan ƙwayoyin ba sa narkewa a ruwa, shi ya sa aka bi da su ta wani sinadarin narkar da abubuwa da ake kira THF don su bazu, kuma a 2007 Theodore Henry da abokan aikinsa suka nuna cewa ragowar wannan sinadarin ne ke jawo mafi yawan gubar. Wasu suka ce to shi ke nan aikin Eva ya tashi a banza, ni kam ban yarda ba wallahi, domin ita ce ta sa aka juyo aka kalli ruwa da halittun cikinsa, kuma wannan gyaran ne ya nuna wa masana guba cewa ba za su iya su kaɗai ba, sai da masanin sinadarai a gefe yana tantance ainihin abin da ke cikin kwalbar.

A 2008 aka kafa manyan cibiyoyi biyu na haɗin gwiwa a Amurka don nazarin illar ƙwayoyin nano ga muhalli, ɗaya a Jami'ar Duke ɗaya a Jami'ar California ta Los Angeles (UCLA). A shekarar ce kuma aka wanke safa masu ƙwayoyin azurfa a Jami'ar Jihar Arizona aka ga azurfar tana bin ruwan wanki, daga baya masu bincike a Switzerland suka nuna yawancinta na haɗuwa da sulfa a wurin tace ruwan datti, kaifin gubarta ya ragu sosai.

Shi kuwa farin sinadarin da Günter ya fara gwadawa a ɓeraye, ana ta sa shi a alewa da cingam da sunan E171. Faransa ta dakatar da shi a abinci daga Janairun 2020, Tarayyar Turai ta bi sahu a 2022, bayan hukumarta ta lafiyar abinci ta ce ba za ta iya ba da tabbacin ba ya taɓa ƙwayoyin gado ba.