Haɗa kifin betta faɗa: al'adar Tailan da muhawarar da ke kanta

Haɗa kifin betta faɗa tsohon wasa ne a Kudu maso Gabashin Asiya, cibiyarsa kuma ƙasar Tailan, wadda a da ake kira Siyam. Ana zuba mazan kifin guda biyu a kwalba ɗaya, su yi ta cizon juna har ɗaya ya sare ya juya baya, 'yan kallo kuma suna zuba kuɗi a kan wanda suke ganin zai ci. Mutanen Tailan na kiran kifin pla kat, wato kifi mai cizo, masana kuma na kiransa Betta splendens. Ana yin wasan a Kambodiya da Biyetnam da Malesiya da Indonesiya. Dokar Tailan ta halatta shi idan akwai lasisi, amma masu kare haƙƙin dabbobi da malaman addini da masana halittun ruwa sun daɗe suna ja-in-ja a kan dacewarsa.

Kifin da halinsa

Betta ɗan ƙaramin kifi ne, tsawonsa ba ya wuce santimita 6 zuwa 7. Asalinsa ruwa mara zurfi ne: gonakin shinkafa, fadamu, kududdufai da ƙananan magudanai na kwarin kogin Chao Phraya da na Mekong. Irin wannan ruwa yakan yi zafi, iskar da ke cikinsa ta yi ƙaranci, don haka kifin yana da wata gaɓa a cikin kansa da ke ba shi damar leƙo saman ruwa ya shaƙi iska kai tsaye. Wannan baiwa ce ta sa yake iya rayuwa a 'yar ƙaramar kwalba, ita ce kuma ta sa mutane suka samu sauƙin tsare shi a inda wani kifin ba zai kwana ba.

Namijin ne ke gina sheƙa. Yana hura kumfa a saman ruwa, bayan macen ta saki ƙwai ya tsince su ɗaya bayan ɗaya da bakinsa ya jera a cikin kumfar, ya kori macen, ya tsaya gadi har 'ya'yan su ƙyanƙyashe su fara iyo. Zafin ransa daga nan ya samo asali, domin sheƙa da ɗan yankin da ke kewaye da ita yake karewa. Idan wani namiji ya kusato, sai ya baza fikafikansa, ya buɗe murfin kumatunsa har kansa ya yi kamar ya ninka, launinsa ya ƙara duhu. A daji galibi wannan barazana kaɗai ke raba gardama. Idan ta kai ga cizo, cikin 'yan mintuna mai rauni zai kutsa cikin ciyayi ya ɓace, shi ke nan.

Kifin dajin ma ba shi da wannan ja da shuɗi mai ɗaukar ido da ake gani a shaguna. Launinsa ƙasa-ƙasa ne mai ɗan kore, fikafikansa gajeru.

Tarihi

Wani binciken ƙwayoyin halitta da aka wallafa a 2022 ya nuna cewa mutane sun shafe aƙalla shekara 1,000 suna kiwon wannan kifi, abin da ya sa shi cikin kifayen da ɗan Adam ya fi daɗewa da mayarwa na gida. Kuma don faɗa aka fara kiwonsa, ado daga baya ya zo.

A ƙarni na 19 wasan ya yi ƙarfi a Siyam har fadar sarki ta sa masa haraji. Theodor Cantor, wani likita ɗan Denmak da ya yi aiki a tsibirin Penang na Malesiya ta yau, ya samu wasu daga cikin kifayen da suka fito daga hannun sarkin Siyam a 1840, ya kuma yi bayaninsu a 1849. Ya rubuta cewa mutanen Siyam na zuba kuɗi masu yawa a kan faɗan, wani lokaci har mutum ya jinginar da kansa da iyalinsa, kuma lasisin shirya wasan na kawo wa sarki kuɗin shiga mai tsoka duk shekara. Cantor ya ɗauka kifin wani nau'i ne na wanda ya riga ya sani a Penang. Sai a 1910 masanin kifi ɗan Ingila Charles Tate Regan ya ware shi ya ba shi sunan da yake ɗauke da shi a yau. A ƙarshen ƙarni na 19 kifin ya isa Faransa da Jamus, ya shiga Amurka a 1910, daga nan ya zama ɗaya daga cikin kifayen ado da aka fi saye a duniya.

A ranar 5 ga Fabrairu 2019 majalisar ministocin Tailan ta ayyana shi a matsayin dabbar ruwa ta ƙasa.

Yadda ake wasan

Masu kiwo a Tailan sun raba kifin gida uku. Akwai na daji, akwai mai dogayen fikafikai na ado, sai kuma wanda suke kira luk mo, wato ɗan tukunya, domin a tukwanen ƙasa aka saba renonsa. Wannan na ukun shi ne na faɗa: gajeren fiffike, kaurin jiki, babban baki, ɓawo mai tauri. Zuriya bayan zuriya ana zaɓar wanda ya fi juriya a haɗa shi da mace daga gidan da aka san su da cin wasa.

Kafin ranar karo ana ware kifin shi kaɗai na kwanaki a cikin ruwan da aka jiƙa busasshen ganyen bishiyar Terminalia catappa, wadda ake shukawa don inuwa har a garuruwanmu. Ruwan yakan koma kalar shayi, masu kiwo kuma sun yarda yana ƙara wa fatar kifin tauri yana warkar da rauni. Ana ciyar da shi tsutsar sauro, a juya ruwan da hannu don ya yi iyo gaba da igiyar ruwa ya ƙara ƙarfi, a nuna masa wani namijin ta bayan gilashi don ya fusata.

A filin wasa ana jera kwalabe, masu kifi su duba girma su daidaita abokan karo, a shirya kuɗin caca, sannan a zuba biyun a doguwar kwalba ɗaya. Da farko barazana ce. Sai cizo ya fara: fikafikai, wutsiya, kumatu, gefen ciki. Can sai su cafke bakin juna su riƙe, su nutse ƙasan kwalbar suna murɗawa, har numfashi ya ƙure musu su saki juna, kowa ya taso sama ya shaƙi iska, su koma. Wani bincike da masana a Japan suka wallafa a 2020 ya lura cewa abokan faɗan kan taso shan iska kusan lokaci guda, kuma yayin da faɗan ya yi tsawo, ƙwayoyin halittar da ke aiki a ƙwaƙwalwar su biyun kan koma iri ɗaya. Karon ɗan tukunya yakan kai awa guda, wani lokaci awanni. Wanda ya juya baya, launinsa ya koɗe, ya ƙi sake tunkarar ɗan'uwansa, shi ya faɗi.

Ba kasafai kifi ke mutuwa a cikin kwalbar ba, kuma masu wasan na yawan kafa hujja da hakan. Sai dai yakan fito da yagaggun fikafikai, ɓawo a tuttuge, leɓe a tsage, wani ma ido ɗaya. Wanda ya ci akan yi jinyarsa a ruwan ganye don a samu iri. Wanda ya faɗi ba shi da sauran daraja a wurin mai shi.

Matsayin doka

Dokar caca ta Tailan ta 1935 ta sa faɗan kifi a jeri ɗaya da faɗan zakaru da na bijimai da tseren dawaki, cikin wasannin da ake iya yi idan hukuma ta ba da izini. A 2014 ƙasar ta kafa dokar hana zaluntar dabbobi, wadda ta tanadi ɗaurin da ya kai shekara 2 ko tarar da ta kai baht 40,000 a kuɗin Tailan, ko duka biyun. Amma sashe na 21 na dokar ya cire faɗan dabbobi na al'adar gargajiya daga abin da ake ƙirgawa zalunci. A Ingila kuwa, dokar walwalar dabbobi ta 2006 ta shafi duk dabba mai ƙashin baya da ke hannun mutum, har da kifi, ta kuma haramta haɗa su faɗa.

Shin kifi na jin zafi?

Rabin muhawarar a nan take. Kifi ba ya kuka, fuskarsa ba ta canzawa, jininsa kuma ruwa ke wanke shi, shi ya sa mutane da dama ba sa jin komai idan sun ga ana yagar fikafikansa. A 2003 Lynne Sneddon da Victoria Braithwaite da abokin aikinsu a Sikotilan suka gano jijiyoyin da ke ɗaukar saƙon rauni a fuska da leɓen wani kifin ruwan sanyi. Kifayen da aka sa wa sinadari mai raɗaɗi a leɓe sun daina cin abinci na wani lokaci, numfashinsu ya ƙaru, suna goga bakinsu a tsakuwar ƙasan tanki, da aka ba su maganin kashe zafi kuma abin ya ragu. Wasu masana, irin su James Rose a Amurka da Brian Key a Ostireliya, sun musa. A ganinsu ƙwaƙwalwar kifi ba ta da sashen da ke sa dabba mai shayarwa ta san tana jin zafi, don haka abin da ake gani zabura ce kawai ta jiki. Gardamar ba ta ƙare ba, amma ƙasashe da yawa sun riga sun sa kifi cikin dabbobin da dokokin gwaje-gwajen kimiyya ke karewa. Kuma ko da shakka ta rage, nauyinta a kan mai zuba kifin a kwalba ya kamata ya faɗa, tunda shi ke neman nishaɗi da kuɗi, kifin kuma ke ɗaukar raunin.

Hujjojin ɓangarorin biyu

Masu kare wasan suna cewa gadon kakanni ne, kuma ba don 'yan faɗa ba da duniya ba ta san wannan kifi ba. Suna cewa ɗan tukunya ya fi yawancin kifayen ado samun kulawa, ruwansa tsaf, abincinsa mai rai. Akwai kuma abin masarufi: lardin Nakhon Pathom da ke yamma da Bankok cike yake da gonakin betta da iyalai ke ci daga gare su. Babbar hujjarsu ita ce faɗa halin kifin ne, ba wanda ya koya masa, ko madubi aka nuna masa zai taso wa hoton kansa.

Wannan hujja ta ƙarshe ita ce ta fi rauni idan aka duba ta da kyau. Gaskiya ne kifin na da zafin rai, amma faɗan awa biyu ba a daji aka samo shi ba. A fadama akwai abubuwa biyu da ke taƙaita karo: kifin da ya ga ba zai iya ba yana da hankalin janyewa, yana kuma da inda zai gudu. Kiwo na ɗaruruwan shekaru ya rage na farko, kwalba ta toshe na biyu. Abin da 'yan kallo ke gani a filin wasa aikin hannun mutum ne daga farko har ƙarshe, don haka ba za a ɗora alhakinsa a kan halitta ba. Wasu kan kwatanta shi da damben gargajiya na Tailan, wanda shi ma ake caca a kansa, amma ɗan dambe da ƙafarsa ya shiga fili, yana kuma iya cewa ya isa.

Sai maganar caca. Abin da Cantor ya rubuta a 1849 na mutum ya jinginar da iyalinsa saboda kifi ya nuna cewa cutarwar wasan ba ta tsaya a kan kifin ba. Inda kuɗi ya yi yawa kuma, raba faɗa da wuri don tausayin kifi asara ce ga wani, saboda haka ba a rabawa.

Addini

Mafi yawan mutanen Tailan mabiya addinin Buddha ne, wanda ka'idarsa ta farko ga kowane mabiyi ita ce kauce wa kashe mai rai. Tsofaffin nassoshinsa sun lissafa kallon faɗan giwaye da bijimai da raguna da zakaru cikin abubuwan da mai zuhudu ke nisanta, sun kuma sa caca cikin hanyoyi shida da ke lalata dukiyar magidanci. Masu wasan kan ce ai ba su kashe ba. A kudancin Tailan da Malesiya da Indonesiya, inda Musulmi ke da yawa, malamai na kafa hujja da hadisin Ibn Abbas da Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito, cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana zuga dabbobi su yi faɗa da juna. Haramcin caca kuwa yana cikin aya ta 90 ta Suratul Ma'ida.

Kasuwar ado da makomar kifin daji

A yau yawancin betta da ake haifa a Tailan na ado ne, ana fitar da su ƙasashen waje, ana kuma shirya gasar kyau inda alƙalai ke duba launi da tsarin fiffike, kowane kifi a kwalbarsa. A 2016 an sayar da wani mai launin tutar Tailan a kan baht 53,500 a gwanjon intanet. Masu kiwo da dama sun koma wannan fanni, kuma ya nuna cewa ana iya riƙe sana'ar da alfaharin ƙasa ba tare da an zubar da jini ba.

Sai dai ita ma kasuwar ado tana da nata laifin, wanda ta fuskar yawan kifayen da abin ya shafa ya fi na filin faɗa. Ana jigilar su a 'yan ledoji masu ruwa kaɗan, a ajiye su a shaguna cikin kofuna, mai saye kuma ya zuba su a tulun fure ba abin tace ruwa ba abin ɗumama shi, alhali kifin na buƙatar ruwa mai ɗumin digiri 24 zuwa 28 da wurin iyo da ganyen fakewa. An kuma tsawaita fikafikan wasu nau'o'in har iyo na yi musu wuya. Wanda ya tsani faɗan kifi amma ya bar nasa a kofi bai fita daga zargi ba.

Shi kuma na daji yana raguwa. A 2011 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa Betta splendens cikin jerin halittun da ke fuskantar barazana, saboda birane da masana'antu na cinye fadamun tsakiyar Tailan, magungunan gona kuma na gurɓata ruwan da ya rage. Kifayen gida da ake zubarwa a magudanai, ciki har da waɗanda suka faɗi a wasa, suna haɗuwa da na daji suna gauraya irinsu. Matsalar ta shafi danginsa na kusa, irin su Betta imbellis na kudu, da Betta smaragdina na arewa maso gabas, da Betta mahachaiensis, wanda sai a 2012 aka yi bayaninsa a kimiyyance, kuma mazauninsa ɗan yanki ne na ruwa mai ɗan gishiri a kewayen Samut Sakhon, dab da Bankok, inda gine-gine ke ƙara matsowa.